Alƙalami Maƙaryaci

"Lafiya lau, sai gajiyar hanya, tun da ba a aiko mini da mota ba," in ji Mai Buroshi, yana karkaɗe takalminsa a bakin shagon. "Wace irin amarya ce ke kiran angonta da rana tsaka?"

"Sannu da ƙoƙari, Ango. Ni na ɗauka sai an turo ka a baro."

Kakanta ne, mahaifin mahaifiyarta. Tun ranar da aka haife ta ya ce an yi masa amarya, sunan kuwa ya bi ta har wurin aiki, inda take zana hotunan littattafan yara. Shi da buroshi ya ci ya sha, ya aurar da 'ya'ya: allunan shaguna, bayan motocin lodi, zakuna da kifaye da dawisu. Sai hannun dama ya fara rawa. Ranar da ya ɓata harafi a gaban mai aiki, ya wanke buroshinsa ya kulle a akwati, hannun kuma ya tare a aljihu. 'Yarsa ta gwada lallashi, likita ya gwada nasiha, duk ya sallame su da godiya mai yawa, wadda ita ce zagin da ya fi ƙwarewa a kai.

Abin yana cin Amarya a rai, don mutumin da ya koya mata riƙe fensir ya koma mai kallon bango. Ta kuma san halinsa sarai: da ya ji ƙanshin tausayi, ya tafi ke nan. Shi ya sa ta ce masa ya zo ya taya ta zaɓen allon zane. Ta riga ta haɗa baki da mai shago ya murɗa wani abu na cikin manhajar zane, mai miƙar da layi ko hannu yana rawa, har ƙarshensa. So take tsohon ya ja layi ko guda ɗaya, ba tare da ya gane an yi masa tarko ba.

Mai shago ya jera kaya a kan tebur, ya yi bayani. Akwai allo mai gilashi da ake zane a kansa kai tsaye, akwai kuma baƙi wanda ake zane a kai amma hoton ya fito a fuskar kwamfuta. Tsohon ya leƙa baƙin da kyau, ya ce a gidansa irin wannan ake ɗora kofunan shayi a kai.

"Ina fentin?" in ji tsohon.

"Yana ciki."

"Ina warinsa?"

"Babu."

"Zanen da ba ya wari, ba ya ɓata riga, wannan ai hutu ne aka sa wa suna aiki. Ya dace da ke."

Ta ce gara hutu da irin zakunan da ya cika gari da su, masu kama da mage ta sha duka. Ya rantse cewa akwai ranar da garken awaki ya watse don ganin zakinsa a bayan mota. Ta ce ta ji labarin, dariya ce ta kayar da su. Ya ce kifin da ya zana wa wani mai kanti sai da aka riƙa kore masa ƙudaje. Ta ce ƙudajen kifin cikin kantin suka biyo, kuma hukuma ma ta biyo su daga baya. Mai shago ya sunkuyar da kai yana goge tebur da ba shi da ƙura.

Aka zo kan alƙalami. Akwai siriri mai buƙatar caji, akwai kakkaura wanda ba ya buƙata. Tsohon ya ce bai taɓa ganin alƙalami mai jin yunwa ba sai yau, amma ba mamaki, mai shi ma haka take. Duk wannan surutu, hannun nan yana aljihu.

Sai Amarya ta ja kujera gaban baƙin allon, ta ɗauki kakkauran alƙalamin, ta fara zana zaki. Ta iya zaki kamar me, amma ta lanƙwasa masa baya ta inda bai kamata ba, ta ba shi ƙafafun teburi, ta kumbura masa kunci guda. Tana jin numfashin tsohon a ƙeyarta yana sauyawa.

"Wannan zaki ne ko tunkiya mai ciwon haƙori?"

"Gado na yi. Haka naka suke."

"Allah ya isa tsakanina da makarantar da ta ba ki takarda. Matsa."

Ta matsa. Hannun ya fito daga aljihu yana karkarwa, ya karɓi alƙalamin. Kafin ya ɗora sai da ya taɓa bakin alƙalamin a harshe, yadda ya saba yi wa fensir, mai shago ya buɗe baki zai yi magana, ta harare shi ya rufe. Tsohon ya ja layi, ya tsura wa baƙin allon ido, bai ga komai ba, ya ce an sayar musu da gawa.

"Ɗaga kai, Ango. Can ake kallo, ba hannu ba."

Ya ɗaga. A fuskar kwamfuta layi ne ya tashi daga kafaɗa ya gangara gadon baya, sumul, babu ko tangarɗa. Ya ja wani, cinya ta fito. Ya danna da ƙarfi layin ya yi kauri, ya sassauta ya sirance. Amarya ta ji daɗin da ta jima ba ta ji irinsa ba.

Amma tsohon ba yaro ba ne. Ya sauke ido ya dubi hannunsa, yana nan yana rawarsa. Ya ɗaga ya dubi layin.

"Wannan alƙalami maƙaryaci ne. Wa ya sa shi?"

Mai shago, da yake ba shi da juriya ko ta kwabo, ya zayyane komai, har da cewa ana iya kashe abin. Tsohon ya ce a kashe. Aka kashe. Ya ja layi a wuyan zakin, ya fito kamar haƙoran zarto. Ya sake ja, haka. Ya ajiye alƙalamin a hankali, ya fara neman bakin aljihunsa.

Kalmomin lallashi suka cika wa Amarya baki, kuma ta san ko ɗaya ta fita, ya koma kallon bango har abada. Ta haɗiye su. Ta leƙa kwamfutar, ta taɓe baki.

"Kai dai ba ka rasa hanyar zamba. Ni sai na wuni ina yi wa zaki geza gashi-gashi, kai ka ajiye hannu kawai tana zana kanta. Rago ya tsufa ya samu inji."

Ya dubi layukan. Geza ce kuwa, a hargitse, irin ta zakin da aka tasa daga barci. Ya daɗe yana kallo, sannan kafaɗunsa suka fara motsi, dariya ta ƙwace masa har da tari.

"Ja'ira. Kin ci wannan." Ya sake ɗaukar alƙalamin, ya cika gezar da hannunsa yadda yake. "To, kunna mini maƙaryacin, wutsiya ba ta son gaskiya."

Ta kunna. Ya ce baƙin za a ɗauka da kakkauran alƙalamin, kuma a ɗakinsa za su zauna, don a hannunta ɓata su za ta yi. Ya ƙara da cewa ta kawo masa tsohuwar kwamfutarta, in tana son aro ta zo da ladabi. Amarya ta juya tana duban wayoyin caji da ke rataye a bango, don idanunta sun cika kuma ba ta so ya samu abin tsokana.

Mai shago ya ɗauko kwali, ya miƙa hannu zai karɓi alƙalamin ya naɗe. Tsohon ya janye shi, bai ko dube shi ba.

"Jira, malam. Ban gama ƙafar baya ba."