Ranar Da Na Je Ceton Bulus Da Lema

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je ceton Bulus. Ko na so in manta, haƙarƙarina na hagu ba zai bari ba, don har yau in hadari ya haɗo sai ya tuna mini.

Lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, farar hula sun karɓi mulki, bakin kowa ya buɗe. Ina zaune a Agege ta Legas da iyalina, ina dillancin tumatir a kasuwar Mile 12. Bulus kuwa shi ke sauke mini kaya. Mutumin kudancin Kaduna ne, ƙato na gaske, kwandon da mutum biyu ke nishi a kansa shi kaɗai yake rungumo shi daga tirela. Da ya fara aiki a wurina jefar da kaya yake yi, kwando na taɓa ƙasa tumatir ya zama miya. Ni na zauna na gyara shi. Kullum ina bayansa ina cewa, "A hankali Bulus, tumatir ne ba dutse ba." Har ya zama duk layinmu babu mai taushin hannunsa, ina ta alfahari da hakan. (Ka riƙe wannan maganar, za ta dawo.)

Wata rana ya zo mini da labari wai ya shiga wasan zari-ruga, wani ne ya gan shi yana dako ya ja shi. Ban ɗauki abin da muhimmanci ba. Bayan wasu watanni ya dawo da murnarsa, wai ana haɗa tawagar ƙasa da za ta fita waje wasa, karo na farko ke nan, kuma yana cikin waɗanda ake gwadawa. Wanda ya san Agege ya san jirage ta saman kanmu suke wucewa. Bulus a ɗakin zaurena yake kwana, kuma tun da na san shi jirgi bai taɓa wucewa bai ɗaga kai ba. Duk duniya babu abin da yake so kamar kujerar jirgin nan.

Ya yi ƙoƙarin yi mini bayanin wasan, Allah ya gani ya yi.

"Oga, namu fa ba irin ƙwallon da ka sani ba ne. Da hannu ake ɗauka a ruga da ita, kuma ana kayar da mutum..."

"Bulus, ni za ka koya wa ƙwallo? Tun ba a haife ka ba nake kallon ƙwallo. Ko'ina ana kayar da mutum, alƙali ya hura usur ya ba da kati, shi ke nan. Je ka sauke waccan motar."

Ka ji fa. A teburin mai shayin unguwarmu ni ne masanin ƙwallo, in na yi magana ba a musu, to ina ni ina tsayawa sauraron ɗan dako. Wani lokacin kuma ya zo fuska ba walwala ya ce kocinsu ya ce ƙarfi akwai, gudu akwai, amma ya cika tausayi, in bai canza ba za a bar shi a gida. Na ce masa tausayi halin kirki ne, kada ya bari wani koci ya lalata masa tarbiyya. Na ma ji daɗin shawarar tawa.

Akwai kuma wani abin da ya kamata ka sani. A shekarun nan garin ba lafiya yake ba. Ƙaramar gardama a tasha sai ta juya ta zama rikicin ƙabila kafin ka ankara, an rufe kasuwa, ana guje-guje. Duk ɗan Arewa kunnensa a tsaye yake. Saboda haka dattawan layinmu, Hausawa da Yarabawa, suka kafa kwamitin zaman lafiya, aka kuma naɗa ni shugaba a ɓangarenmu, don ina jin Yarabanci kuma ina son jawabi. Wa'azina guda ɗaya ne, kowa ya haddace shi: "Jama'a, kada kowa ya ɗauki mataki sai ya bincika." Ni fa.

Ranar gwajin ƙarshe ta kama Asabar, a wani fili a Ebute Metta. A ranar koci zai faɗi masu tafiya. Na ce ai dole mu je mu nuna wa yaronmu yana da gata. Na ɗauko shaddata fara wadda ko Juma'a ba kowace nake sa mata ba, na ɗora hula, na riƙo lema saboda damina ce, na kuma sa an ɗaure kilishi na guzuri. Na gayyato aminina Malam Tanko mai albasa, mutumin da bakinsa ba ya riƙe komai, da wasu 'yan dako abokan Bulus. Muka cika motar haya guda, irin da suke kira danfo. A hanya ina ta yi musu bayanin dokokin wasan da ban taɓa gani ba, suna ta kallon juna, na ɗauka mamakin ilimina suke yi.

Cunkoso ya riƙe mu a Oshodi, sai da wasa ya yi nisa muka iso. Ni ne a gaba. Ina sa ƙafa cikin filin, abin da idona ya fara gani shi ne Bulus a guje, ƙarti na bin sa. Ɗaya ya rarumo ƙafafunsa, ɗaya ya dako shi a ƙirji, na uku ya haye kansa. Suka danne shi a taɓo. Na hango jini a leɓensa. 'Yan kallo na ihu da Yarabanci, ga wani gajeren mutum da usur a wuya tsaye a kansu yana kallo, ko hurawa bai yi ba, balle kati.

Na ce shi ke nan, abin ya zo har nan, sun samu ɗan Arewa shi kaɗai. Me zan gaya wa tsohuwarsa?

Na yi wurgi da kilishi na kwarma ihu, "Jama'a a kawo ɗauki! Za su kashe Bulus!"

Na tattare babbar riga na zuba da gudu. Mutum mai tumbi irina, wanda rabonsa da gudu tun yana firamare. Na ji Malam Tanko yana kira, "Alhaji! Alhaji tsaya!" na ɗauka cewa yake in jira su mu shiga tare. A raina runduna ce a bayana. Daga baya na ji ashe ko mutum ɗaya bai biyo ni ba. 'Yan dakon nan sun sha zuwa kallon atisayen Bulus, sun san wasan sarai. Biyu daga cikinsu ma kilishin suka tsaya tsincewa.

Ina isa na shirga wa na saman lema a gadon baya da iya ƙarfina. Lemar ta lanƙwashe. Shi kuwa ya waigo a hankali, yana haki, ya dube ni ya tambaye ni da Yarabanci, cikin ladabi kuma, "Baba, lafiya?"

Ladabin nan ya kamata ya dawo da ni hayyacina. Ina! Sai na juya kan mai usur, don a ganina shi ne babban azzalumi, shi da aka ba amana ya tsaya yana kallo. Na nufe shi da lanƙwasasshiyar lemata a sama, ina zazzaga masa duk Yarabancin da na tara don sulhu. Abin da ban sani ba, gajeren mutumin nan shi ne kocin da kansa. Shi ke riƙe da tafiyar Bulus.

Bulus ya sani. Ya ɗago daga taɓo ya ga maigidansa zai fasa wa koci kai, ya ga jirginsa na shirin tashi babu shi.

Ban ga zuwansa ba. Na dai ji wani abu ya dake ni a haƙarƙari, ƙafafuna suka bar ƙasa, na ga sama, sannan na ji ni tim a cikin taɓo. Hula ta yi nata wuri, takalmi ɗaya ya yi nasa. Babbar rigar ta kife mini a ka, duk filin suna kallon singiletina da tumbin da nake ɓoyewa. Numfashi ya ƙi fita. Salati ma a zuci na yi shi.

Sai kuma tafi ya ɓarke, da fito, da ihu. (Zan faɗi gaskiya, a cikin rigar nan na ɗan yi tunanin jarumtata ake wa tafi.) Da aka yaye mini rigar sai na ga koci yana tsalle, ya rungume Bulus yana bubbuga masa ƙirji yana surutu da Turancin Legas. Malam Tanko ya iso, dariya ta hana shi tsayuwa, ya durƙusa kusa da kunnena yana fassara mini.

"Cewa yake irin wannan kayarwar yake roƙon Bulus ya yi tuntuni. Wai a da in ya kama mutum sai ya kwantar da shi a hankali, har da tallabe masa kai. Alhaji, tarbiyyarka ce fa! Tumatir ne ba dutse ba!"

Bulus kuwa ya ɓalle daga hannun koci ya zube a gabana, ƙaton nan har hawaye. "Oga ka yafe mini. Oga ka karye? Oga yi magana." Ni da ko "uhm" ba na iyawa. Wanda na daka da lema shi ya kawo mini ruwan leda, ya kuma tsinto mini takalmina. Kunyar da na ji a lokacin ta fi ciwon, kuma ciwon ba kaɗan ba ne.

Aka jingina ni a benci aka ci gaba da wasa. A nan na zauna cikin taɓo na kalli zari-ruga a karo na farko a rayuwata, na ga ana danne kowa, Bayarabe da Inyamuri da kowa, ana tashi ana ba juna hannu. Duk lokacin da aka yi wata kayarwa mai ƙarfi sai 'yan kallo su juyo su dube ni, ko zan sake tashi. Ina kuma ta addu'a kada koci ya huce daga murna ya tuna cewa mahaukacin nan mai lema baƙon Bulus ne. In aka bar yaron nan saboda ni, da wane ido zan dube shi in jirgi ya wuce?

Da aka tashi koci ya tara su ya fara kiran suna. Ya kira, ya kira, ban ji ba. Na sunkuyar da kai. Can kusa da ƙarshe ya ce "Bulus," ya kuma nuno ni da yatsa ya faɗi wata magana, kowa ya kwashe da dariya. Wai in babu damuwa in riƙa zuwa kowane atisaye da lemata.

Kafin Litinin Malam Tanko ya gama da ni a kasuwa. Ko'ina na gifta sai in ji an ce, "A kawo ɗauki!" A zaman kwamiti na gaba, ina miƙewa da hannu a haƙarƙari zan fara jawabi, wani dattijon Bayarabe ya ce da Hausarsa, "Alhaji, ka bincika tukuna?" Ranar ba a yi zama ba, dariya aka yi aka watse. Shaddar kuwa uwargida ta wanke ta har ta gaji, taɓon ya ƙi fita.

Ranar tafiyarsu Bulus ya shigo yi mini sallama da jakarsa a kafaɗa. Ina kwance a tabarma an naɗe mini ƙirji da tsumma. Na fara ba shi haƙuri, ya tare ni.

"Oga, bar wannan maganar. Tun da na zo Legas an sha gudu a gabana, kowa ta kansa yake yi. Ban taɓa ganin wanda ya rugo saboda ni ba sai kai."

Na ce masa ya tafi kada ya makara, na juya fuska bango, na ce wa uwargida haƙarƙarin ne ke sa ni hawaye. Da yamma jirgi ya wuce ta saman gidan, ban san ko nasu ne ba, amma na lallaɓa na fito tsakar gida na ɗaga kai.

Sun je sun dawo, Bulus ya ce an ba su kashi amma su ma sun bar tarihi. Ya koma sauke mini kaya, kuma har ya bar aikin bai ƙara fasa mini tumatir ɗaya ba. Tun da na gyara shi, abu ɗaya na rumfata ya taɓa jefarwa da ƙarfi, shi ne mai rumfar.

Tun daga ranar, in na ƙasa da ni ya ce "Oga, ba irin wanda ka sani ba ne," sai in ja kujera in zauna in ji ƙarshen maganar. In kuma na ga an danne wani, har yanzu zan ruga, wannan ban tuba ba. Sai dai nakan fara waigawa in ga ko masu bina kilishi suke tsinta.