Rumfata Mai Kallon Gabas

Ko zan manta da komai, ba zan manta da ranar da na ciyar da surukina yashi ba.

Shekara biyar muka yi ni da matata Rabi a gidan haya a tsakiyar Illela, kusa da inda 'yan kabu-kabu ke tsayawa. Tun asuba babura ke kuka a kunnenmu. Da na samu fili a bayan gari, ta hanyar Amarawa, a bakin wani babban tafki, sai na ji kamar an ba ni kujerar Makka. Farin rairayi ne shimfiɗe har bakin ruwa. Ni da ban taɓa ganin teku ba sai a cikin waya, na ce ai nawa tekun ke nan.

Surukina Alhaji, wanda ke fatauci tsakanin Illela da Ƙonni, bai so ba. Ya ce daji zan kai masa ɗiya. Ya kuma gindaya sharaɗi: in damina ta farko ta wahalar da ita, za ta dawo gidansa da yaranmu, akwai ɗakuna biyu da ba kowa, ni ma in ina so in biyo su. Ka dubi wannan magana. Magidanci kamata, malamin makaranta, a ce ina zaune a gidan suruki? Na ƙudura a raina sai na nuna masa.

Da aka zo gini na ce wa magini, wani dattijo mai suna Ɗan Tani, ina son ƙofa da babbar rumfa su kalli tafkin, wato gabas. Ya ajiye cokalin gininsa ya dube ni.

"Malam, nan ba a buɗe ma gabas ƙohwa. Baya aka juya mata. Duba gidajen mutane ka gani."

Na duba. Duk gidan da ke unguwar ya ba tafkin baya, kan kwanon kowa kuma an jera duwatsu da tsofaffin tayoyi. Ya ce iskar hadari daga can take tasowa, kuma ba itace ko ɗaya da zai tare ta. Ni kuwa na yi masa bayanin yadda iska mai sanyi ke tasowa daga kan ruwa (labarin ƙasa nake koyarwa, abin da ya ƙara min kunya ke nan daga baya). Ya ce to, gidana ne, ya yi yadda na ce.

Gaskiya mun ji daɗin wurin. Da safe shanun Fulani su gangaro shan ruwa, matansu su biyo da nono har ƙofar gida. Iska dai kullum tana nan, ta buga ƙyaure, ta kwashe bokiti. Rabi ta koyi shanya irin ta maƙwabta, a ɗaure kowane zane a jikin igiya kamar za a ɗaure akuya. Ni kuma da yamma in baje a rumfata ina kallon ruwa, ina tausaya wa mutanen da suka gina gida a bakin tafki suka zauna suna kallon bango.

Ƙarshen bazara na gayyaci Alhaji cin abinci, ya zo da abokansa biyu bayan azahar. Rabi ta ja ni gefe ta ce a shimfiɗa musu a ɗaki, gabas ta fara haɗa baƙi. Na ƙi. Ai saboda rumfar nan na kira shi.

Aka kawo shinkafa da miyar kaji a babban faranti. An buɗe ke nan sai wata iska mai daɗi ta kaɗo. Har na gyara zama na ce, "Baba, kun ji irin sanyin da nake faɗi ko?"

Ban rufe baki ba ta iso da gaske. Ta kwaso rairayin bakin tafkin nan ta watso mana ta ƙofar da na buɗe mata da hannuna. Tabarma ta naɗe, murfin kwano ya yi nasa wuri, hular ɗaya daga cikin baƙin ta haura katanga. Bai fi minti biyu ba ta wuce, ko ɗigon ruwa ba a yi ba. Na dubi farantin, rairayi ya lulluɓe shinkafar.

Na miƙa hannu zan ɗauke, Alhaji ya ce in bari, ba a tashi a bar abincin da aka yi wa bisimilla. Ya karkaɗe gemunsa, ya sa hannu, ya kai loma. Tunda ya ci, wa zai ƙi? Muka zauna mu huɗu muna tauna, ba abin da kake ji sai ƙaras-ƙaras a haƙora. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Loma bakwai ya yi, ina ƙirgawa.

Da ya wanke hannu ya sa aka kira Rabi. Na ce a raina shi ke nan, na zama ɗan haya a gidan suruki.

"Rabi, mi kika gani? In aiko mota?"

Ta sunkuyar da kai. "Baba, wurin ba ya da laihi."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ba ta ce wane ne mai laifin ba, kuma ba wanda ya tambaya. Alhaji ya dube ni, ya ce ya ji, ba zai ɗauke ta ba, amma in toshe wannan rumfa kafin ruwa ya sauka. Washegari da kaina na je gidan Ɗan Tani. Bawan Allah ko murmushi bai yi ba, ya dai tambaye ni bulo nawa zan kawo.

Tun daga ranar, in na je baƙon wuri na tarar kowa yana yin abin da na ga kamar shirme ne, sai in yi shiru in tambaya tukuna. Domin na gane ba a biyan kuɗin irin wannan ilimi da haƙoran mutum kaɗai, har da na surukinsa.