Tutar Ilu Na-Ikko

Wani mutum ne a Kwarin Maje ana ce masa Ilu Na-Ikko. Shi ya raɗa wa kansa sunan. Iyakar tafiyarsa a duniya Funtuwa ce, ita ma ɗin ciwon haƙori ne ya kai shi. Amma in ya zauna gindin tukubar Bawa mahauci ya miƙe ƙafa, sai ka rantse da shi aka yi shawarar kafa Najeriya.

"Kun ga tutar nan tamu?" in ji shi. "Da farko har da jar rana aka zana a tsakiyarta. Ni na ce a cire. Na ce, haba jama'a, zafin da muke sha a Arewa bai isa ba, sai an ƙara mana wata ranar a sama?"

"Kai kuma a wa?" in ji Bawa.

"A mai ba da shawara mana! Ai saboda haka aka ba ni tutar farko da aka ɗinka. Tana nan cikin adakata."

"To ɗauko mu gani."

"Iska na ɓata ta."

Haka ake ta yi shekara da shekaru, iska ba ta daina ba.

Ran nan labari ya kai kunnen Maigari Shu'aibu. Bikin 'yancin kai ya matso, kantoma kuma zai zo. Maigari ya kira Ilu ya ce, "Malam Ilu, tutarka za mu ɗaga bana. In ta hau sama, a gaban kantoma zan naɗa ka Sarkin Tuta."

Rawani! Ilu da ko shugabancin 'yan sharar masallaci bai taɓa samu ba. Ya faɗi ya yi godiya, ya taso yana neman dabara, don abin da ke cikin adakar nan tsohon buje ne da kyankyasai.

Ya sayo sabuwa a kasuwa? Sheƙinta zai tona shi. Ya kai wa marina? Kafin la'asar gari ya ɗauka. Yana cikin wannan tunani sai ya hangi matarsa Ladingo tana tankaɗen garin kuka, tana ɗurawa a tulu. Kore ne, amma kore mai duhu, kamar wanda ya sha shekaru. Ilu ya yi murmushi, ya ce a ransa lallai Allah ya yi masa kai.

Da ta tafi unguwa, ya zare farin zanen gadonta, ya juye kukar kaf, ya kwaɓa da ƙaro, ya shafe gefe da gefe ya bar tsakiya fari. Ya shanya a bayan rumbu, ya turara da hayaƙin kara. Wallahi da ta bushe, kai ka ce daga hannun Turawa aka karɓo ta.

Ladingo ta dawo ta tarar da tulu wayam. Ta zagi awaki, ta zagi ɓeraye, ta daina gaisawa da maƙwabciyarta Hajo.

"Ki yi haƙuri," in ji Ilu. "Mutanen yanzu ba tsoron Allah."

Ranar biki filin makaranta ya cika maƙil. Kantoma ya iso cikin farar shadda mai ƙara. Ilu ya hana kowa taɓa tutar, shi ya ɗaura, shi ya ja igiya. Sannan ya nace sai Maigari da kantoma sun tsaya daidai gindin sanda tare da shi, wai haka aka yi a Ikko.

Ya gyara murya. "Jama'a, ku dubi koren nan. Noma ke nan, albarkar ƙasarmu, abin da muke ci!"

Hadari ya ɗan taso daga gabas, irin na bankwanan damina. Ilu bai ko ɗaga kai ba, daɗin bakinsa yake ji.

"Farin nan kuwa zaman lafiya ne. Ni na zaɓe shi da hannuna."

Yaf, yaf, yayyafi. Sai shaaa!

Kowa ya san abin da kuka ke yi in ta ji ruwa. Tuta ta yi nauyi, ta langaɓe, ta fara zarara. Wani kore mai yauƙi ya taho zololo, ya sauka ɗal a hular kantoma, ya gangaro ta kan hancinsa. Wani ya sami Maigari a gemu. Ilu kuwa, da ya ɗaga kai baki buɗe, sai da ya haɗiya.

Kantoma ya dangwala da yatsa, ya ja, abin ya biyo shi kamar zare. Ya sansana.

"Maigari, wannan fa miya ce."

"Ranka ya daɗe, tsufa ne," in ji Ilu. "Haka tsofaffin tutoci suke yi, gumi suke..."

"Kukata!"

Ladingo ce daga cikin mata, ta yar da mayafi ta taho tana tsalle kan taɓo. "Kukata ce wallahi! Ga zanen gadona, ga ƙunar fitila nan a gefe! Ilu, kai ne ɓeran? Ka sa na yi gaba da Hajo a banza?"

Ta cire takalmi. Bawa mahauci ya riƙe ciki ya ce, "Malam Ilu, ga zaman lafiyar nan tafe, ka tsaya ka yi mata bayani!"

Ina! Ilu ya tattare riga zai zura, santsin tutarsa ya kwashe shi, tim, ya zauna cikin koren. Fili ya kece da dariya, har 'yan sandan kantoma.

Maigari ya matse gemunsa, ya dubi rawanin da aka kawo a faranti, ya dubi Ilu a ƙasa.

"Ku mayar da rawanin nan gida," ya ce. "A kawo wa Sarkin Tuta tuwo, miyar tana hucewa."