Yadda Na Maƙale a Dutsen Zane

Ba zan taɓa mantawa da abin da ya same ni a kan dutsen nan ba. Ina tsaye a bakin wani kogo can bayan Ngaski, ina kallon jajayen shanun da mutanen zamanin da suka zana a jikin dutse, sai na jiyo ƙarar babura.

Kawuna ne ya kai ni. Ya ce tunda na gama sakandare tsoron 'yan bindiga ya hana ni leƙa ko ƙofar gida, gara in sha iska. Muka bi ruwa daga Yauri, muka taka daji har wani ƙauyen Kambari, inda wata tsohuwa da kowa ke kira Kaka ta hau da mu.

Duk ɗan Yauri ya san ma'anar jerin babura a daji. Na leƙa ƙasa, ga su nan kowanne da goyo, da dogayen abubuwa a kafaɗa. Allah ya yafe mini, ko Kawu ban tuna da shi ba. Na hango wata tsaga, na cusa kai. Kai ya shige, kafaɗu suka bi. Sauran jikin da tuwon Inna ya gina ya ce shi kam nan ya tsaya.

Ina nan rabi ciki rabi waje, ina karanto duk addu'ar da na sani har da ta cin abinci, sai aka kama ƙafata.

"Don Allah ku yi haƙuri, babana ba shi da komai!"

"Ke, hito!" in ji Kawu, dariya na neman shaƙe shi. "Rake na anka kawo miki!"

Ashe al'adarsu ce, baƙon da ya hau dutsen ba ya sauka da yunwa. Samarin gari ne suka biyo mu da rake da kunu.

Sai da Kaka ta shafe ni da man kaɗe kafin aka zaro ni. Samarin nan, Allah ya yi musu albarka, duk suka juya baya kamar yau suka fara ganin shanun.

Kaka ba ta yi dariya ba. Rungume ni ta yi.

"Ba ke kika fara ɓuya nan ba, ɗiyata. Kakannina a nan suka tsere wa mahara. Sha kununki, ba mai taɓa ki."

Har yau gabana na faɗuwa in na ji babur. Amma na koyi abu guda: kafin in sake neman maɓoya, sai na auna ƙuguna.