Ranar Da Na Cire Wa Bernice Batir

Jama'a, makon jiya saura ƙiris ku yi rashin marubuci. Ina hawa babbar hanya da tsohuwar motata, wadda matata Maxine ta raɗa wa suna Bernice, na taka totur, sai ta kama tari tana fizga, ga tirela a bayana tana danna mini ham kamar na kashe mata uba. Abin haushin, in tana tsaye lafiyarta ƙalau. Sai an ce ta yi aiki ciwon yake tashi. Na san wasu masu girma da ke fama da irin wannan lalura.

Bernice ce ke kai Maxine wankin ƙoda a garin da ke gaba da namu. Bas ɗin da shugaban garinmu, Mai Girma Sarkin Almakashi, ya yi mana alkawari tun zaɓen da ya wuce, rumfar jiransa kawai aka gina, ya zo ya yanka zare aka tafa. Tattabaru na godiya. Ga takardar motar za ta mutu ƙarshen wata, kuma ba a sabuntawa sai an ci gwajin hayaƙi. Motar da 'yar fitilar nan ta ciwon inji ke ci a gabanta ba ta wucewa. Tawa ta daɗe a kunne, na liƙe ta da baƙin tef kamar kowane mutumin kirki a unguwarmu.

Maƙwabcina Otis ya leƙo ta kan shinge. "Fulogi ne, Wendell. Ko wayoyinsa. Ko kwayil. Ko famfon mai."

"Otis, ai duk motar ka lissafo."

"To, cire kan batir, ka sha kofi, ka mayar. Fitila za ta mutu, sai ka ruga wurin gwaji kafin ta farka. Haka surukina yake yi."

Ban tuna cewa surukin nasa keke yake hawa ba sai da na kai gaban layi.

Yallaɓai mai rigar hukuma ya soka wayarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya dubi kwamfuta, ya dube ni. "Baba, ka cire batir ko?"

"Ni? Ina ni ina batir?"

"Motarka ta manta komai. Injinmu ba ya gwada motar da ba ta tuna jiya. Je ka yi ta yawo da ita har hankalinta ya dawo."

"Yallaɓai, in hankalinta ya dawo ai fitilar za ta dawo."

"Sai ka gyara," in ji shi, ya yafito na bayana.

Gaba kura, baya sayaki. Kafin in kai gida fitilar ta kunnu. Gaskiya raina ya ɓaci, kuma na ji tsoro. Ni da Otis muka tura Bernice inuwa don mu gwada wayoyin da ya lissafo, na tayar da ita, Maxine ta ɗauko kwalbar feshin furanninta muka yayyafa wa wayoyin fulogi ruwa. Nan take tartsatsi ya kama rawa a kansu, ashe duk sun tsattsage. Na sa sababbi, tari ya tafi. Amma fitilar sai ta ga dama take mutuwa da kanta, wata kuma bai jira ta ba.

Ranar Litinin muka fita zuwa wankin ƙoda da matacciyar takarda. Ina ta leƙen madubi, Maxine ta ce, "Tsoho, dubi gabanka. In ɗan sanda ya tsare mu, ya kai ni da tasa, ya kuma zauna ya jira ni."

Muka wuce rumfar bas, tattabaru na nan daram. Ni fa na sara wa injin nan mai gane wanda ya manta jiya. Da za su ara mini shi, na san teburin da zan soka wayarsa a ƙarƙashi, don akwai wanda ake cire wa batir washegarin kowane zaɓe.