Rasuwar Bulbul, Wadda Aka Zare wa Caja

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ta ƙi hucewa, Sonaullah Reshi, makanikin motocin filin golf na kan dutse, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Bulbul, 'yar motar lantarki mai kujera biyu. Rai ya yi halinsa a tsakiyar sanyin bana, tana ita kaɗai a gareji, ba mai ko riƙe mata sitiyari.

Marigayiyar ita ce ta ƙarshe a cikin tsofaffin motoci masu batirin ruwa, kuma saboda ita ake riƙe da Sonaullah a aiki. Kowa ya shaide ta da haƙuri. Ta sha hawa tudu da alƙalai masu tumbi, da sandunansu da ƙoshin shinkafarsu, ba ta taɓa tsayawa a rabin hanya ta kunyata kowa ba. Ba ta taɓa murje ciyawar bakin rami ba. In za ta ja da baya sai ta nemi izini da siririyar muryarta, tsii, tsii, tsii, ladabin da wasu masu rai ba su da shi.

Game da jinyarta, Sonaullah yana so a san cewa ba sakacinsa ba ne. Kafin dusar ƙanƙara ta rufe filin, ya wanke ta, ya yi wa tayoyinta iska, ya cika wa baturanta ruwa, ya jona ta a caja, don batirin da ke da caji sanyi ba ya daskarar da shi. Sannan ya damƙa makulli a hannun maigadi Jabbar Wani, mijin ƙanwarsa, wanda Sonaullah da kansa ya yi ta kai gwauro yana kai mari har ya samo masa aikin.

“Yaya, sauka gida ka huta,” in ji Jabbar, hannu a ƙirji. “Wayar nan ko kallonta ba zan yi ba, balle in taɓa.”

Sonaullah ya sauka garinsu Tangmarg da ke gindin dutsen, ya rungumi ɗan kaskon wutarsa na jin ɗumi a cikin riga kamar yadda ake yi a can, hankali kwance. Ashe da baƙi masu wasan sulɓi a kan ƙanƙara suka cika dutsen, Jabbar ya gano sana'ar busar musu da jiƙaƙƙun takalma. Soket kuwa ɗaya ne a garejin. Ya zare cajar Bulbul ya jona hitar ɗumama ɗaki. Takalman baƙi suna shan ɗumi, ita tana gefe cajinta yana tsiyayewa, har ruwan baturanta ya daskare suka tsage. Da ƙanƙara ta narke Sonaullah ya dawo ya murɗa makulli, abin da ta iya cewa kawai shi ne ƙyat. Daga nan ba ta ƙara ba.

Manaja ya zo ya tambayi sanadin mutuwa. Sonaullah ya dubi hitar da aka tura bayan ƙofa, ya tuna ƙanwarsa da 'ya'yanta, ya haɗiye abin da ke bakinsa.

“Tsufa ne, ranka ya daɗe,” ya ce.

“Gaskiyarka,” in ji manaja. “Tsofaffi ba sa jure sanyin nan. Sababbin kuwa kamfani ke duba su. Kai ma ka yi ƙoƙari, ka huta haka nan.”

Jabbar yana tsaye a wurin, da kunnuwansa biyu. Ko tari bai yi ba. Wannan shirun ya fi ƙona wa Sonaullah rai a kan zare cajar, kuma bai yafe ba tukuna.

Marigayiyar ta bar caja guda mai cikakkiyar lafiya, da tayoyi huɗu da iskarsu, da sababbin motoci farare da ba su san darajarta ba, da tsoho ɗaya wanda bai iya wata sana'a ba.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan azahar a bayan gareji, inda mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo da a-kori-kura. Sonaullah ne zai kwance ta da hannunsa, don ba zai bari a sa mata guduma ba. Daga nan zai miƙa makullan gareji ga wanda manaja ya zaɓa ya riƙe su, wato Jabbar Wani, saboda an shaide shi da riƙon amana.

Ana karɓar gaisuwa a Tangmarg. A filin golf kada a nemi mai makoki, ba zai ƙara hawowa ba.