Uban Kwalta na Ulmeasa

Duk yankin nan babu magajin gari mai kishin mutuncin garinsa kamar Ilarie Dobrota. Shekara goma sha ɗaya yana mulkin Ulmeasa, bai taɓa bari baƙo ya ga aibinta ba. Mutane suna kiransa Uban Kwalta, shi kuwa ya ɗauka yabo ne, har ɗaga hula yake yi.

Titi ɗaya ne ya haɗa garin da birni, kilomita tara. Ramukansa sun girma har agwagi suna wanka a ciki. Motar haya ta daina zuwa tun bara. Masu sayen tuffa suka daina shigowa, ta ruɓe a gonaki. Da ciwon tsohuwa Safta ya tashi, a keken doki aka kai ta asibiti, ta dawo tana cewa ciwon ya fi hanyar sauƙi.

Idan aka yi masa ƙorafi, Uban Kwalta yakan gyara tsayuwa ya ce, "Jama'a, ba ramuka ba ne. Alamun tsufa ne, kuma tsufa daraja ce!"

Sai labari ya zo cewa jami'ai uku za su zagaya ƙauyuka, su ga wanda hanyarsa ta fi lalacewa a ba shi kuɗin gyara. Gari ya ɗauki murna. Safta ta tare magajin gari a bakin coci ta ce, "Ranka ya daɗe, don Allah wannan karon kada ka yi komai. Ka bar titin ya yi magana."

"Iya, so kike manyan baƙi su ce garin Dobrota kufai ne? Ba da raina ba!"

Kwana huɗu ya sa ma'aikata suna cika ramuka da yashi da ɓaraguzan tsohuwar makaranta. Aka bi da baƙin fenti, aka ja farin layi a tsakiya, aka jera tukwanen furanni. Ranar ziyara ya sa jar ɗamararsa ta ofis, ya tari baƙi da burodi da gishiri bisa al'adar garin, ya yi jawabin awa guda a kan yadda Ulmeasa ba ta taɓa miƙa hannu ga kowa ba. Jami'an suka yi tafi, suka rubuta abin da suka gani.

Ruwan farko ya wanke titin, fenti da yashi duka, cikin yini ɗaya.

Bayan sati uku takarda ta iso. Ta yaba wa magajin gari bisa kula da hanyarsa, ta ce abin koyi ne. Layin ƙarshe ya ce tunda Ulmeasa ba ta da buƙata, kuɗin ya tafi ƙauyen da ke maƙwabtaka.

Ilarie ya karanta sau biyu. Ya ninke ƙasan takardar a hankali, ya sa ta a gilashi, ya rataye a ofis inda duk mai shigowa zai gani.